Doka ta zana harsuna, saura masu koyar da su

Ran 26 ga watan Maris na shekara ta 2025, a birnin Yamai, Shugaban ƙasa Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu ga Kundin sake gina ƙasa, wanda ya maye gurbin tsarin mulkin da aka jingine a shekara ta 2023. Cikin wannan kundi akwai wata aya gajeruwa wadda ta shafi duk gidan da ke da yaro a lakwal. Ayar ta tsai da Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta sa Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki, ta kuma ambaci sauran harsunan da ƴan Nijar ke magana da su, kamar su Zabarmanci, Fillanci, Kanuri, Tamajak, Tubanci, Gurmanci da Larabci. Daga samun mulkin kai a 1960 har zuwa wannan lokaci, Faransanci kaɗai ne ya riƙe sunan harshen hukuma. A cikin wannan wata na Maris ɗin ne kuma ƙasar ta ba da sanarwar ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, watau OIF.

An yi ta tattauna al'amarin a gidajen rediyo, da ofisoshi, da majalisun shan shayi. Wasu sun yi murna, wasu sun nuna damuwa game da makomar nasu harshe. Amma akwai tambayar da ba a cika tsayawa kanta ba, alhali kuwa ita ce uwar tambayoyi: wane ne zai koyar da waɗannan harsuna, kuma wa zai koya wa mai koyarwar? Doka a takarda take. Ranar da aka buɗe makarantu a watan Oktoba, wanda ke tsaye gaban tablo da alli a hannu shi ne mushe, kuma abin da ke bakinsa shi yara za su ɗauka, ko daidai ko kuskure.

Kowane mushe malamin harshe ne

In an ce malamin harshen waje, hankalin mutane yakan tafi ga malamin Ingilishi na kwaleji ko na lise, ko kuwa malamin Larabci na makarantun Faransanci da Larabci. Gaskiya ne, su ne masu wannan suna. To, amma a Nijar duk malamin firamare malamin harshen waje ne, ko ya sani ko bai sani ba, domin yaron da aka kawo masa yana ɗan shekara shida ko bakwai bai taɓa jin Faransanci a ɗakin uwarsa ba. A cikin aji guda na unguwar Talaje ko Bukoki a Yamai ana samun ɗan Bazabarme, da ɗan Bahaushe, da ɗan Bafillace, da ɗan Buzu, suna zaune kan benci ɗaya ko tabarma ɗaya. Aikin da aka ɗora wa malaminsu biyu ne a haɗe: ya koya musu sabon harshe, kuma ya koya musu lissafi da sanin duniya cikin wannan harshen da ba su riga sun iya ba. Kamar a ce wa mutum ya yi ta ɗinkin riga alhali ana kan saƙa ƙyallen.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Binciken PASEC, wanda ke auna karatun yara a ƙasashen Afirka masu koyarwa da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa yaran Nijar da ke ƙare firamare suna karatu da fahimta yadda ya kamata ba su kai 1 cikin 10 ba. A binciken 2019 an samu ci gaba, sun kai wajen 3 cikin 10. Ci gaban abin yabo ne, sai dai sauran bakwai ɗin ƴaƴan mutane ne, kuma su ne za su shiga kwaleji a ƙara musu Ingilishi bisa Faransancin da bai zauna ba.

Masu yaƙi da jahilci sun san wani abu game da wannan. Dattijo ko uwargida da suka shiga ajin manya, aka koya musu baƙaƙe da harshensu, cikin ƴan watanni sukan fara karanta wasiƙa da takardar awon gyaɗa. Ba su fi yaran lakwal ƙwaƙwalwa ba. Abin da suke karantawa ne suke ji.

Akwai kuma wani bambanci tsakanin harshe da sauran fannoni wanda ya kamata ma'aikatan hukuma su riƙe. Malamin lissafi in ya iya rabawa ya iya ke nan. Ko bayan shekara ashirin, bakwai sau takwas hamsin da shida ne. Harshe kuwa kamar turbar daji yake, in an daina bin ta sai ciyawa ta rufe ta. A ɗauki misalin saurayin da ya gama karatun Ingilishi a Jami'ar Abdou Moumouni, aka tura shi kwalejin wani gari mai nisa inda shi kaɗai ne ke jin harshen. Shekarar farko bakinsa na da kaifi. In ya yi shekara biyar bai yi hira da kowa cikin Ingilishi ba, abin da zai rage masa shi ne na cikin littafin aji. Daga nan sai ya koma bayyana nahawun Ingilishi da Faransanci, ya cika tablo da jerin kalmomi, yara su kwafa cikin kaye. Yaro ya yi shekara huɗu a kwaleji, ya haddace ƙa'idoji, amma in baƙo daga Akara ko Legas ya tambaye shi hanyar tasha sai ya yi tsuru-tsuru. Wannan malami ba rago ba ne. An bar shi ne shi kaɗai.

Abin da horo ke ƙara wa malami

Wani zai ce, wanda ya riga ya samu takardar shaidar malanta, me kuma za a koya masa? Ga misali kaɗan.

Yaro Bahaushe ya san namiji da mace a cikin kalmomi tun daga gida. A wurinsa rana mace ce, wata kuma namiji ne. Da ya shiga Faransanci sai ya tarar an juya: rana ta zama namiji, wata ya zama mace. In ya yi kuskure a nan, ba wauta ba ce, ƙa'idar harshensa ya ɗauko. Abokin zamansa Bazabarme kuwa matsalarsa dabam ce, domin Zabarmanci bai raba namiji da mace a wakilin suna, kalma guda ce ke nufin shi da ita. Haka ma Kanuri. Saboda haka zai daɗe yana kiran yarinya da kalmar yaro a Faransanci da Ingilishi. Haka nan Hausa ba ta bambanta sautin p da f, kuma ba ta son baƙaƙe su yi cunkoso ba wasali tsakaninsu. Shi ya sa kalmomin Faransanci da suka shigo Hausa suka canza kama, har aka samu lakwal da tablo da kaye. Malamin da aka nuna wa waɗannan abubuwa ya san inda kuskure ke fitowa tun kafin yaro ya buɗe baki, sai ya shirya masa darasin da ya dace. Wanda ba a nuna wa ba, abin da ya rage masa tsawa ce da maimaitawa. Tsofaffin ƴan lakwal ba su manta da sambol ba, abin nan da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen gidansu. Sambol dabarar malamin da ba a ba shi wata dabara ba ce.

Koyar da Hausa ma sai da koyo. Iya magana da harshe dabam, iya koyar da shi dabam. Sau da yawa akan ga ma'aikaci mai manyan takardu, Bahaushe ɗan Bahaushe, ya ɗauki alƙalami ya kasa raba ƙ da k, ko ɗ da d, ya rubuta ƙasa kamar kasa, ya haɗa kalmomin da ya kamata a raba. Ƙa'idojin rubutu suna nan: an aza harsashinsu a taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966, an daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Najeriya a wani taro a Yamai a 1980, kuma a 1999 Ma'aikatar ilimi ta fitar da dokokin rubutun Hausa, Zabarmanci, Fillanci, Kanuri da Tamajak. Amma malamin da bai taɓa zama aka bi da shi cikinsu ba, ina zai san su? Ga kuma kalmomin fannoni: yadda za a ce kusurwa, ko kaso, ko aikatau, cikin hanyar da yaron Tawa da na Damagaram za su ji abu guda. Ga yaron Tilaberi ko na Difa kuwa, duk ranar da aka ce ya koyi Hausa a aji, sabon harshe ne gare shi, yana bukatar malamin da ya san dabarun koyar da baƙon harshe kamar yadda malamin Ingilishi ke bukata.

An sha gwadawa

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 1964 Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya wallafa littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya nuna wajibcin koyar da yara da harsunansu. A wannan shekara ce kuma aka fara koyarwa ta talabijin da taimakon Faransa. Darasi na fitowa daga Yamai, a cikin aji kuwa akwai monita, saurayi mai ƙaramin karatu da aka yi wa gajeren horo, ana kuma bin sa da takardun jagora a kai a kai. Baƙi sun zo daga ƙasashe da dama don ganin yadda yaran ke magana da Faransanci. Shirin ya tsaya a ƙarshen shekarun 1970, gidan talabijin ɗin ya zama na ƙasa baki ɗaya.

A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, kusa da makarantar horon malamai, inda yara ke fara karatu da Hausa sannan a shigo musu da Faransanci sannu a hankali. Daga baya aka buɗe irinta da Zabarmanci, Fillanci, Kanuri da Tamajak, har suka kai wajen 40. A 1974 aka kafa INDRAP a Yamai, cibiyar da ke rubuta littattafan makaranta da shirya wa malamai horo. Duk lokacin da aka auna yaran makarantun gwaji da na sauran makarantu, an tarar ba su gaza ba, har a Faransancin ma sukan yi daidai da takwarorinsu ko su fi su. Duk da haka makarantun sun shekara fiye da ashirin suna amsa sunan gwaji. Cikin dalilan da masu bincike suka ambata akwai wanda ya shafi maganar nan kai tsaye: a horar da malami kan koyarwa da harshen gida, bayan shekara biyu a ɗauke shi a kai shi makarantar da ba a bukatar wannan sani, a maye gurbinsa da wanda bai taɓa ganin littafin ba, wani lokaci ma wanda ba ya jin harshen garin. Ana zuba ruwa, tulun kuwa a huje yake.

Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998, wadda ake kira LOSEN, ta amince da Faransanci da harsunan ƙasa duka a matsayin harsunan koyarwa, dokar 31 ga Disamba 2001 kuma ta lissafa harsunan ƙasa 10. A 2015 aka fara gwada sabuwar manhaja mai farawa da harshen yaro a makarantu 500. Ta fuskar dokoki dai ba a yi ƙwauro ba.

Ingilishi shi ma yana da nasa tarihi. Ƴan sa-kai na Amurka, na ƙungiyar Peace Corps, sun fara zuwa Nijar a 1962, kuma rukunin farko malaman Ingilishi ne. Manya da yawa da suka yi kwaleji a shekarun 1960 da 1970 daga bakinsu suka fara jin harshen. Sannu a hankali ƴan ƙasa da suka fito daga jami'a da Babbar makarantar horon malamai ta Yamai, watau ENS, suka karɓi aikin, aka kuma samu littafin English for the Sahel, wanda ya kawo sunaye da garuruwa da zaman duniya irin na yaran ƙasar nan cikin darasi. A watan Janairu na 2011 ƙungiyar ta janye mutanenta saboda matsalar tsaro. Larabci kuwa ya shiga makarantun gwamnati tun 1957 da madarasar Say, garin da aka buɗe Jami'ar Musulunci a 1986. Malaman Larabci da yawa sun yi karatu mai zurfi a gida ko a ƙasashen Larabawa, sun san nahawu da adabi. Abin da sukan rasa shi ne dabarar koyar da ƙaramin yaro wanda ba Balarabe ba, a aji mai cunkoso.

Babban canji ya zo ne daga ƙarshen shekarun 1990. Yara sun yi yawa, kuɗin hukuma bai isa ɗaukar cikakkun ma'aikata ba, sai aka shiga ɗaukar ƴan sa-kai na ilimi a 1998, waɗanda daga baya suka zama ƴan kwantaragi. An buɗe dubban azuzuwa a ƙauyukan da ba su taɓa ganin lakwal ba, wannan kuwa alheri ne da ba mai musunsa. Amma an tura samari da ƴan mata da yawa aji da horon ƴan makonni, wasu ma ba horon ko kaɗan, har ƴan kwantaragi suka zarce kashi uku cikin huɗu na malaman firamare. A watan Yuli na 2017 Ma'aikatar ilimin firamare ta yi musu jarrabawa kan Faransanci da lissafi, duk da adawar ƙungiyoyin malamai. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki ko fiye. An sallami wasu, an mai da wasu horo. Jama'a sun yi ta mamaki, har da masu yi wa malamai dariya. Abin da ya fi cancanta a yi mamakinsa shi ne shekarun da waɗannan bayin Allah suka yi suna koyar da harshen da ba su ƙware a kai ba, ba tare da wani ya shigo ajinsu ya zauna ya saurara ba.

Kayan aikin da ke hannu

Ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. A firamare akwai taron ƙara wa juna sani da ake kira CAPED. Malaman makarantun da ke kusa da juna sukan haɗu a makaranta ɗaya na ƴan kwanaki, ƙarƙashin jagorancin mai ba malamai shawara, wanda suke kira konseye. Ɗaya daga cikinsu ya shirya darasi ya koyar da yara na gaske a gaban ƴan uwansa, su kuwa suna zaune a bayan aji suna rubutawa. In yara sun fita sai a zauna a warware darasin zare-zare: minti nawa malam ya yi yana magana, minti nawa ya bar wa yara, wace tambaya ce ta sa aji ya yi tsit, me ya sa yaran layin baya ba su ɗaga hannu ba. Sabon malami yakan ji kunya a karon farko, tsohon malami kuma yakan ji zafin gyara daga wanda ya girme wa. Amma wanda ya taɓa zama irin wannan zama ya san kwana uku a nan sun fi wata guda na sauraren lacca. Akwai kuma ƙaramin taro irinsa da malaman makaranta guda ke yi tsakaninsu, darakta na jagora. A kwaleji da lise malaman fanni ɗaya suna da nasu zama da ake kira UP, inda malaman Ingilishi, alal misali, ke daidaita darussa da tambayoyin jarrabawa.

Ga malamin harshe wannan zama yana da wani amfani na musamman: shi ne wurin da zai yi magana da harshen da manya irinsa. In malaman Ingilishi shida suka haɗu suka yi sa'a biyu, ya kamata sa'a biyun nan su kasance cikin Ingilishi daga sallama har addu'ar tashi. Abin takaici, sau da yawa akan yi zaman da Faransanci, a tattauna jadawali da rabon azuzuwa, a watse.

Abin da ke kashe CAPED sananne ne, kuma ba babba ba ne. Malamin da zai taso daga ƙauye mai nisan kilomita 20 yana bukatar kuɗin mota ko man babur, da abinci, da wurin kwana. In kuɗin bai zo ba sai a ɗage taron, in an ɗage sau biyu shekara ta ƙare. Konseye kuma da aka ba makarantu masu yawa, in ba shi da abin hawa, sai ya zama ma'aikacin ofis mai tattara rahoto. Shekara da shekaru ana cike wannan giɓi da taimakon waje. Jamus ta tallafa wa koyarwa da harshe biyu daga ƙarshen shekarun 1990. Shirin ELAN na ƙungiyar OIF, wanda aka fara da ƙasashe 8 har da Nijar, ya horar da malamai kan haɗa harshen gida da Faransanci. Shirin IFADEM ya raba wa malaman karkara littattafan koyon kai da kai, da masu bin su suna duba ci gabansu. A 2020 Bankin Duniya ya amince da shirin LIRE na dalar Amurka miliyan 140, wanda horon malamai ke cikin manyan sassansa. Kowane ɗayansu ya bar abin kirki. Sai dai shiri yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma an sha ganin sitaj ya tsaya ranar da kuɗin baƙo ya tsaya. Har ta kai wasu malamai ba sa tambayar abin da za a koya a sitaj sai sun tambayi nawa ne kuɗin zama. Ba a kuma ga laifinsu sosai ba, in an dubi albashin ɗan kwantaragi. Tun da ƙasar ta zaɓi ta tsaya da ƙafafunta, ta kuma fice daga OIF, kuɗin taron malamai ya zama abin da za a rubuta cikin kasafin kuɗin ƙasa da na ƙananan hukumomi, kusa da kuɗin alli da benci.

Akwai gyaran da ba ya cin ko dala. Wanda ke rarraba malamai a ofishin sufeto ya riƙa duba harshen da malami ke ji da horon da ya samu kafin ya sa hannu ga takardar canjin wuri. Malamar da aka horar kan koyarwa da Fillanci a bar ta inda ake Fillanci. Makarantun horon malamai, irin su Askia Mohamed ta Damagaram, Bawa Jangwarzo ta Maraɗi, Kaosan ta Tawa, Mali Bero ta Doso da Tanimun ta Tilaberi, suna zama kusan wayam a lokacin babban hutu, ga azuzuwa ga masu horarwa. Kuma horon da malami ya yi ya kamata ya bi shi cikin takardunsa, ya taimake shi wajen ƙarin girma. In ba haka ba, mai ƙoƙari da mai barci duk ɗaya ne a idon hukuma.

Ingilishi na maƙwabtaka

Tun da an ɗaga Ingilishi zuwa harshen aiki, bukatar masu jin sa za ta wuce ta cin jarrabawar BEPC da Bak. Za a nemi wanda zai rubuta wasiƙar ofis, ya karanta yarjejeniya, ya yi tafinta. Duk waɗannan daga hannun malamin kwaleji za su fito. A nan ƙasar tana da wata dama da ba kowa ke da ita ba. Daga Maraɗi zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba, alhali daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura 600. Birnin Ƙonni na kusa da Sakkwato, Damagaram na kallon Kano. A can akwai jami'o'i da kwalejojin horon malamai da ke aiki da Ingilishi, ga kuma sassan nazarin Hausa da suka daɗe suna aiki a Zariya da Kano da Sakkwato. (A nan Nijar in tsoho ya ce Turanci sau da yawa Faransanci yake nufi, a ƙetaren iyaka kuwa Ingilishi, kalma guda, Turawa biyu.)

Su ma maƙwabtan suna da irin wannan ƙishirwa ta wajen Faransanci. A 1991 Najeriya ta kafa wata cibiya a Badagiri, kusa da Legas, wadda ake kira ƙauyen Faransanci, inda ɗalibanta ke zuwa su zauna suna magana da harshen dare da rana, domin tura su ƙasashen waje ya yi tsada. Ta yi irin wannan don Larabci a Ngala ta jihar Borno. Abin da suka gane shi ne malamin harshe sai an tsoma shi cikin harshen lokaci-lokaci. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971 da mazauninta a Yamai, ta daɗe da sanin hanyoyin da ƙasashen biyu ke bi su yi aiki tare. Musayar malamai na wata guda a lokacin hutu, na Ingilishi su tafi, na Faransanci su zo, abu ne da kuɗinsa bai kai na tura mutum guda Turai ba. Malamin da ya je ba zai yi baƙunta ba, domin in ya fita daga aji Hausa ce a kasuwa. Hatsarin ma shi ne kada Hausar ta yi masa daɗi ya manta abin da ya kai shi.

Ko ba a yi tafiya ba, akwai rediyo da tarho. Ƙasar da ta kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo tun 1962 ba za ta rasa yadda za ta ware rabin sa'a a mako a Muryar Sahel don malaman harsuna ba. Malamai da yawa kuma suna da WhatsApp a aljihu. Konseye na iya aika muryar darasi ga malamai talatin a lokaci guda, su ma su ɗauki muryarsu suna karatu su aika masa ya gyara.

Rabon iyaye

Waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci suna da hannu cikin wannan aiki fiye da yadda suke zato. Da yawa daga cikinsu suna cikin kwamitocin kula da makarantu, watau COGES, wasu su ne ma'aji ko magatakarda saboda sun iya rubutu. In taron CAPED ya faɗo a garinsu, kwamiti na iya sauke malaman da suka zo daga nesa, ya ɗauki nauyin tuwon dare, kamar yadda ake yi wa kowane baƙon kirki. Kwanakin da yara suka zauna gida saboda mushe ya tafi horo, kada a ɗauke su kwanakin banza. A taron farkon shekara kuma, bayan an gama maganar rufin azuzuwan zana da kuɗin alli, uba ko uwa na da ikon tambayar darakta sau nawa malaman makarantar suka je taron ƙara sani bara, da kuma ranar da konseye ya zo na ƙarshe. Wanda ya iya karatun Hausa yana iya karɓar littafin ɗansa na ajin farko, in makarantar na cikin masu farawa da harshen gida, ya sa yaron ya karanta masa shafi guda bayan sallar magariba, ya ji da kunnensa inda aka kwana.